Darakta Mai Ido Ɗaya da Makantar Masu Ido Biyu

Duk inda aka ɗauko zancen House of Wax, fim ɗin ban tsoro da kamfanin Warner Bros. ya fitar a watan Afrilun 1953, da wuya a yi nisa ba a sako barkwancin nan ba: wai kamfanin ya rasa wanda zai damƙa wa babban fim ɗinsa na farko na 3D sai André de Toth, mutumin da ido ɗaya gare shi, wanda saboda haka har abada ba zai ga zurfin da ake sayar wa 'yan kallo ba. Sai a yi dariya. Daga nan a gangaro kan gobarar da ta ƙwace wa ma'aikata a wurin ɗaukar fim, da ɗan wasan da aka sa ya miƙa wuyansa ƙarƙashin wuƙar fille kai ta gaske, a ba da labarinsu da irin muryar da ake ba da labarin ƙiriniyar yara. A ƙarshe a rufe da cewa 3D yayi ne na banza, tabarau ne na ja da kore, ya zo ya wuce.

Fiye da shekara 70 ke nan ana maimaita wannan labari, kuma a kife yake. Idon da ake yi wa dariya bai rage wa aikin komai ba. Abubuwan da ake kawowa don nishaɗi su ne ainihin abin kunya. Akwai kuma ɓarnar da ba a cika ambata ba, ta mutumin da aka goge sunansa da fim ɗin da aka yi watsi da shi bayan an gama tatsarsa.

Kasuwar da ta haifi fim ɗin

A farkon shekarun 1950 Hollywood na cikin firgici. Masu zuwa sinima a Amurka, waɗanda aka ƙiyasta sun kai miliyan 90 a kowane mako jim kaɗan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sun ragu da kusan rabi zuwa 1953. Talabijin ta shiga ɗakunan mutane. Hukuncin Kotun Ƙoli na 1948 kuma ya tilasta wa manyan kamfanoni rabuwa da gidajen sinimar da suka mallaka, wato sun rasa tabbacin cewa duk abin da suka shirya zai sami inda za a haska shi. Dole aka bazama neman abin da akwatin talabijin ba zai iya bayarwa ba. A Satumban 1952 aka buɗe Cinerama a New York da faffaɗan allonsa mai lanƙwasa. Wata biyu bayan nan sai ga Bwana Devil, wani ɗan ƙaramin fim da Arch Oboler ya shirya a kan zakunan da suka riƙa cinye leburorin titin jirgin ƙasa a Kenya, ɗauke da fasahar Natural Vision ta Milton Gunzburg da ɗan'uwansa Julian, likitan ido. Masu sharhi sun yi masa kaca-kaca, jama'a kuwa suka yi ta bin layi.

Jack Warner ya ga layin, ya ɗauki hayar na'urar. Labari kuwa bai tsaya neman sabo ba. An buɗe rumbun kamfanin aka zaƙulo Mystery of the Wax Museum na 1933, aka ba Crane Wilbur ya sake rubuta shi, aka naɗa Bryan Foy, gwanin shirya finafinai masu araha, furodusa. An soma ɗauka a Janairun 1953, aka gama cikin kwana 28, aka haska a New York ranar 10 ga Afrilu. Duk da wannan gudu kamfanin Columbia ya riga su da kwana biyu da Man in the Dark, sai dai nasa baƙi da fari ne, don haka House of Wax ya riƙe kambin fim mai launi na farko na 3D daga wani babban kamfanin Amurka, haɗe da sauti mai fitowa ta kusurwa daban-daban da aka raɗa wa suna WarnerPhonic. Abin da aka kashe bai wuce dala miliyan 1 ba. Abin da ya dawo wa kamfanin daga gidajen sinimar gida kaɗai ya kai kimanin miliyan 5 da rabi. Wanda ya riƙe kwana 28 ɗin nan da ribar nan a ransa zai fahimci duk abin da ya biyo baya.

Abin da ido ɗaya ke gani

Mutum na gane nisa da kusa ta hanyoyi da dama. Ɗaya daga ciki ita ce bambancin hoton da idon dama ke ɗauka da na hagu, tun da akwai tazarar kimanin santimita 6 da rabi tsakaninsu, ƙwaƙwalwa kuma ta haɗa hotunan biyu ta fitar da zurfi. Wannan hanya ce kaɗai ta kuɓuce wa de Toth, wanda ya rasa ido tun da ƙuruciyarsa a ƙasar Hangari. Sauran duk suna hannunsa: abin da ya kare wani yana gabansa, abin da ya ƙanƙance ya yi nisa, layuka na tsukewa in sun miƙa, hazo na dusashe abin da ke can baya, kuma in mutum ya motsa kansa abin da ke kusa ya fi na nesa saurin gocewa. Mai ido biyu kyauta yake samun zurfi, bai taɓa tsayawa ya yi tunaninsa ba. Mai ido ɗaya kuwa da lissafin alamun nan yake zuba shayi a kofi, da shi yake saukowa daga bene, kullum, tsawon rayuwarsa.

Na'urar Natural Vision kyamara biyu ce suna fuskantar juna, kowace na ɗaukar hoto ta madubi, ɗaya a madadin idon dama, ɗaya a madadin na hagu. Inda layin ganinsu ya haɗu shi ke yanke abin da zai zauna a kan allo, da wanda zai nutse a bayansa, da wanda zai fito kamar zai taɓa ɗan kallo. Ana auna wannan da ma'auni kafin a kunna kyamara. Aikin darakta shi ne ya jera mutane da kaya hawa-hawa daga gaba zuwa baya, ya san lokacin da zai motsa kyamara, ya san tsawon lokacin da zai bar hoto kafin ya yanka, domin idon ɗan kallo na buƙatar ɗan lokaci kafin ya daidaita da sabon zurfi. Duk wannan aikin tunani ne, kuma shi de Toth ya yi.

Shaidar tana cikin fim ɗin. A wurin gobarar farko, fuskokin kakin zuma na narkewa a gaba, harshen wuta a tsakiya, mutum biyu na dambe a baya. A wurin da mutumin nan mai baƙar alkyabba ke bin Sue Allen ta titunan New York cikin dare da hazo, nisan da ke tsakaninsu shi ne abin tsoron, kuma ana jin sa yana raguwa. Kusa da ƙarshe akwai inda Igor ke miƙewa daga ƙasan allo, kamar daga cikin kujerun 'yan kallo ya tashi, ya ruga cikin hoton. Wanda bai fahimci inda allo ya ƙare da inda zauren kallo ya soma ba, ba zai tsara wannan ba.

Za a ce ai ba zai iya duba abin da aka ɗauka ya tabbatar zurfin ya fito ba. Gaskiya ne. Shi ya sa akwai masu ɗaukar hoto irin su Bert Glennon da Peverell Marley, da ƙwararrun da suka zo da na'urar. Babu daraktan da ke haɗa sinadarin wanke fim da hannunsa ko ya saita na'urar sauti da kansa, kuma ba a taɓa mayar da wannan abin dariya ba. De Toth ma ba shi kaɗai ba ne. Raoul Walsh, wanda ya rasa ido a haɗarin mota a 1928, ya ba da umarnin Gun Fury da 3D a wannan shekara ta 1953. Shi kansa de Toth kamfanin Columbia ya sake ba shi wani aikin 3D, The Stranger Wore a Gun, kafin shekarar ta ƙare. An yi finafinan 3D kusan 50 a Amurka a ɗan tsakanin nan, galibinsu na masu ido biyu ne, galibinsu kuma an manta da su. House of Wax kuwa Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya shigar da shi cikin kundin finafinan da ƙasar ke adanawa a 2014. An ce mai ido ɗaya ba ya gode Allah sai ya ga makaho. A nan masu ido biyu ne ya kamata su dubi aikin mai ido ɗaya su ji kunya.

Barkwancin yana da illa, domin yana koyar da cewa ƙwarewa a gaɓar jiki take zaune. Da irin wannan tunani ake mayar da takardar neman aikin gurgu tun ba a karanta ta ba, ko a yanke cewa makaho ba zai iya lauya ba.

Saura zancen mai tallan nan da ke buga ƙwallon roba mai zare da faifan katako saitin fuskar 'yan kallo, wanda ake kafa hujja da shi cewa fim ɗin siddabaru ne kawai. Siddabaru ne, ba musu. Amma a dubi inda aka ajiye shi: daidai dawowa daga hutun rabin lokaci, a ƙofar sabon gidan kakin, yana kiran jama'a su biya su shiga kallon abin tsoro, har yana tsokanar masu zaune a sinimar. Reggie Rymal, wanda ya fito a wurin, yana yi wa gidan Jarrod abin da fastocin Warner suka yi wa fim ɗin ne. Fim ɗin ya san abin da yake sayarwa, kuma ya nuna wa mai saye fuskarsa.

Wa ya kashe 3D?

Tabarau na ja da kore da ake jingina wa wannan zamani ba su ne 'yan kallon House of Wax suka sa ba. Nasu na Polaroid ne, masu ruwan toka, waɗanda ke tace haske ta yadda kowane ido zai ga hoton da aka nufe shi da shi, launin fim ɗin kuma ya fito yadda yake. Na ja da koren sun yaɗu ne ta littattafan zane na yara, da kuma kwafe masu araha da aka riƙa nunawa daga baya.

Matsalar tana ɗakin mai haska fim. Kowane gidan sinima na da majigi biyu, waɗanda aka saba amfani da su bi da bi don kada a ga yankewa in faifai ya ƙare. Shi kuwa 3D yana buƙatar a kunna su tare, a ɗaure su da juna su yi tafiya ɗaya, haskensu ya zo daidai, a kan allo mai ruwan azurfa. Dalilin da ya sa fim mai minti 88 ya zo da hutun rabin lokaci ke nan, tun da babu majigi na uku da zai karɓa. In ɗaya ya riga ɗaya ko da da hoto guda ne, ko fim ya tsinke aka ɗinke ɓangare ɗaya ba a rage daidai da shi a ɗayan ba, sai idon ɗan kallo ya shiga wahala, ya fita da ciwon kai, ya ce 3D ne ya jawo masa. Masu gidajen sinima ba su so ƙarin ma'aikata da kuɗin tabarau ba. Da kamfanin Fox ya fito da CinemaScope a fim ɗin The Robe a Satumban 1953, faffaɗan allo da majigi ɗaya ba tabarau, sai kowa ya koma can. Zuwa 1954, Dial M for Murder na Alfred Hitchcock, wanda Warner ta ɗauka da 3D, kusan ko'ina a shafe aka nuna shi.

Wato rashin horo da rashin kula da na'ura ne suka kayar da fasahar, aka kuma ɗora laifin a kan fasahar kanta. Duk wanda ya taɓa ganin an sayo injin mai tsada an girke a asibiti ko ma'aikata ba tare da tanadin mai gyara ba, ya san ƙarshen irin wannan labari, ya kuma san wanda ake zargi.

Labarin da fim ɗin ke bayarwa

Vincent Price ya fito a matsayin Farfesa Henry Jarrod, mai sassaƙa mutum-mutumin kakin zuma a New York a farkon ƙarni na 20. Yana ƙaunar kyakkyawan abu, yana ji da siffar Marie Antoinette, sarauniyar Faransa, kamar mai rai. Abokin kasuwancinsa Matthew Burke na son a cika gidan da siffofin kisa da azaba, irin waɗanda suka daɗe suna jawo wa gidan Madame Tussaud na Landan jama'a. Da Jarrod ya ƙi, sai Burke ya cinna wa gidan wuta don ya karɓi inshorar dala 25,000, ya bar abokinsa a ciki. Jarrod ya tsira da ƙonanniyar fuska da hannuwan da ba sa iya aiki. Ya buɗe sabon gida, ya ba jama'a abin da Burke ya ce suna so, har da siffar William Kemmler, mutum na farko da aka kashe a kujerar lantarki a 1890. Sirrin kamannin siffofinsa da mutane kuwa shi ne gawarwaki ne yake lulluɓewa da kaki. Sue Allen, wadda Phyllis Kirk ta fito a matsayinta, ita ta gane ƙawarta Cathy a jikin siffar Joan of Arc, ita kuma ta doki fuskar Jarrod ta farfashe, ainihin ƙunar ta bayyana.

Labari ne na mai fasaha da ɗan kasuwa ya ƙona, wanda ya tashi ya rungumi aƙidar ɗan kasuwar har ya fi shi mugunta, ya mayar da jikin mutane kayan aiki. Price, mutumin da ya yi karatu a Yale kuma ya shahara da tara zane-zane, ya ba Jarrod taushin murya da ke sa a tausaya masa, kuma daga nan ƙofar finafinan tsoro ta buɗe masa, har zuwa The Fly a 1958 da finafinan Roger Corman na shekarun 1960. Abin mamakin shi ne yadda masu shirya fim ɗin suka kwatanta wannan cuta daidai a kan allo, suka kuma aikata ta a bayan kyamara.

Wuta da wuƙa

Yadda masu aikin suka ba da labari, an kunna wuta a wurare kaɗan a cikin ɗakin ɗaukar fim da nufin a sarrafa ta, sai ta fi ƙarfinsu. Ta huda rufin ginin, ta babbake girar Price. Aka ci gaba da ɗauka, domin siffofin kakin na narkewa, sake yin su kuma kuɗi ne da lokaci. Ana kawo wannan a matsayin shaidar jarumtar darakta. Amma in aka tuɓe wa labarin ado, abin da ya rage shi ne an auna farashin kaki da lafiyar mutanen da ke cikin ginin, kaki ya rinjaya. Lissafin Burke ke nan, ba ragi ba ƙari.

Na wuƙar ya fi muni, domin shi ba haɗari ba ne, shiri ne. Kusa da ƙarshen fim ɗin Igor na sa kan Scott Andrews a cikin na'urar fille kai, 'yan sanda su janye shi daf da faɗowar wuƙar. Paul Picerni, wanda ya fito a matsayin Scott, ya ba da labari cewa wuƙar ta gaske ce, kuma abin da zai hana ta sauka a wuyansa shi ne wani ma'aikaci da ke riƙe da ita a sama yana jiran alama. Ya ce ba zai yi ba. Aka cire shi daga aikin na 'yan kwanaki. Sai da aka sa ƙarfen kariya sannan ya dawo aka ɗauka. Mutumin da ya fi kowa hankali a ɗakin shi aka hukunta, darakta kuwa aka ci gaba da yaba masa tsauri.

A nan ne ya kamata a tuhumi de Toth, kuma a nan ne ake yi masa tafi. Masu kare shi za su ce zamanin ne haka, ba a san dokokin kariya na yau ba. Picerni ma ɗan zamanin ne, kuma ya sani. Ƙarfen da aka sa daga baya ya nuna maganin na nan kusa tun farko, abin da ya hana shi ne kwana 28 da girman kai. Za su ce ai ba wanda ya mutu. Sa'a ce, kuma sa'a ba tsari ba ce. A Yulin 1982, a wurin ɗaukar Twilight Zone: The Movie, wanda shi ma Warner ce ta fitar, jirgi mai saukar ungulu ya faɗo ya kashe Vic Morrow da yara biyu. A 1993 bindigar wasa ta kashe Brandon Lee a wurin ɗaukar The Crow. A 2021 harsashi ya kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins a wurin aikin Rust. Al'adar da ke mayar da tsallake rijiya da baya labarin alfahari ita ke share fagen ranar da ba a tsallake ba.

Sunan da babu, da fim ɗin da aka yar

Jarrod na da mataimaka biyu. Ɗaya shi ne Igor, kurma kuma bebe, wanda wani matashi mai suna Charles Buchinsky ya fito a matsayinsa. Shekara ɗaya bayan nan ya sauya suna zuwa Charles Bronson, don gudun kada sunan da ke kama da na Gabashin Turai ya jawo masa zargin gurguzu a lokacin da ake farautar 'yan kwaminis a Amurka. Ɗayan shi ne Leon, mashayin da 'yan sanda suka hana wa giya har ya tona asirin maigidansa. Nedrick Young ne ya yi wannan rawa, rawa ce kuma mai muhimmanci, domin a kanta warwarar labarin ta rataya. Sunansa ba ya cikin jerin 'yan wasan da ke fitowa a allo. Young ya ƙi amsa tambayar kwamitin majalisar wakilai mai binciken abin da aka kira ayyukan cin amanar Amurka, aka sa shi cikin waɗanda aka haramta wa aiki. Mutumin da ya fito a matsayin mai tona asiri, shi ne a zahiri ya ƙi tonawa, kamfanin kuma ya riƙe fuskarsa da muryarsa ya ci riba, ya yar da sunansa. Daga baya ya ci lambar Oscar ta rubutun The Defiant Ones na 1958 da sunan aro, Nathan E. Douglas. Ya rasu a 1968. Sai a 1993 aka mayar masa da sunansa a kan lambar.

Sai kuma fim ɗin 1933. Abin da Warner ta yi ba shi ne abin da masu harkar fim a Kano ke kira wankiya ba, tun da labarin Charles Belden mallakarta ne. Laifinta na sakaci ne. Mystery of the Wax Museum aikin Michael Curtiz ne, shi ma ɗan Hangari, wanda ya yi Casablanca daga baya. Yana cikin na ƙarshe da aka ɗauka da tsohuwar fasahar Technicolor mai launi biyu, wadda ke buƙatar fitilu masu zafin da ke narkar da kaki, har ya zama a wasu wurare mutane ne suka tsaya cik a matsayin siffofin. Lionel Atwill ne mai sassaƙar, Fay Wray ce ta fasa masa fuska, shekara 20 kafin Phyllis Kirk. Gobarar inshora, satar gawa, tukunyar kaki mai tafasa, duk daga can aka kwaso su.

Abin da aka bari a can ya fi nuna halin 1953. A fim ɗin farko, wadda ta bankaɗo asirin 'yar jarida ce mai kaifin baki, Florence Dempsey, rawar Glenda Farrell. A na biyu an share ta, aka miƙa binciken ga ɗan sanda namiji, mace kuma ta koma wadda za a ɗaure a ceto. Mataimakin da yake ɗan ƙwaya a 1933 ya koma mashayin giya, saboda dokar tace finafinai da aka tsaurara tun 1934. Shi kuwa tsohon fim ɗin an bar shi ya ɓace har aka ɗauka babu shi a duniya, sai wajen 1970 aka tsinci kwafinsa a cikin kayan Jack Warner na kansa. Gyaransa na sosai sai da ya jira wajen 2020, a hannun ma'adanar finafinai ta jami'ar UCLA da gidauniyar Film Foundation. Shi kansa House of Wax bai tsira ba: faifan sautin WarnerPhonic da aka cika gari da tallarsa ya salwanta, abin da ake ji a yau ba shi ne abin da 'yan kallon New York suka ji ba.

Ba a buƙatar a rage wa House of Wax daraja kafin a faɗi wannan. Fim ne mai kyau, yana kuma da kyau ne saboda mutumin da ake yi wa dariya ya san aikinsa. Gyaran da ake nema a wajen masu ba da tarihinsa ne. In za a ambaci idon de Toth, a ambace shi tare da hazon titin New York da tashin Igor daga ƙasan allo. In za a ambaci wuƙar, Picerni ne gwarzon labarin. In kuma za a lissafa 'yan wasa, a rubuta Nedrick Young a inda aka cire shi, kusa da Vincent Price da Phyllis Kirk.